Jirgi mai cin mita 1.8 a ruwan Bahamas: na'ura ta isa?

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin jinya ne a Florida. Abokin aikina yana da jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 12, ya gayyace ni mu je tsibiran Exuma na ƙasar Bahamas a watan Fabrairu, mu yi mako uku. Da na duba taswira sai na ga wurare da yawa an rubuta zurfin mita 2, wasu ma 1.5, alhali ya ce jirginsa yana nutsewa mita 1.8 cikin ruwa. Shi dai cewa yake kada in damu, akwai taswira a kwamfutar hannu, akwai GPS. Ni kuwa a Yauri na tashi, a bakin Neja, na san abin da ruwa ke yi. Shin jirgin nan zai iya wannan tafiya? Kuma na'urar ta isa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya: ko jirgin da ke cin mita 1.8 zai iya yawo a Exuma, da kuma ko taswirar kwamfuta ta wadatar. Na farkon, e, zai iya. Na kai jiragen da suka fi shi nutsewa har George Town, babban garin Exuma da ke can kudancin tsibiran, na dawo da su lafiya. Na biyun kuwa a'a, kuma damuwarka tana kan hanya. Na yi lokutan sanyi da dama ina wannan zirga-zirga, wani lokaci tare da mai jirgi, wani lokaci ni da mataimaki ɗaya, kuma abin da na tabbatar shi ne a wannan ruwa rana da wata da iska su ke yanke lokacin tashi, ido kuma shi ke zaɓen hanya. Na'ura 'yar rakiya ce.

Yadda ƙasan ruwan yake

Bahamas tsibirai ne kusan 700, ban da ƙananan tsibirai da duwatsu fiye da 2,000, kuma suna zaune ne a kan wasu manyan tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da teku ya lulluɓe da ruwa ɗan kaɗan. Babban cikinsu shi ne Great Bahama Bank. Idan kuka bar Bimini, tsibiran Bahamas da suka fi kusa da Miami, kuka nufi gabas, za ku yi wuni guda ba ku ga ƙasa ta ko'ina ba, amma kana leƙawa za ka ga inuwar jirginku tana bin ku a kan farin yashi, mita 3 ko 4 kacal a ƙasa. Da kun kai bakin tudun, sai ƙasa ta yanke kamar bakin rijiya, ku faɗa Tongue of the Ocean, inda zurfi ya haura mita 1,000, na'urar auna zurfi ma ta daina nuna komai. Tsibiran Exuma, waɗanda ake ƙirga su 365, sun jeru ne a kan irin wannan baki: yammacinsu tudu mai ruwa kaɗan, gabashinsu Exuma Sound mai zurfin gaske. Duk wahalar tafiyar da duk daɗinta daga wannan tsari suka fito.

Jirgin abokinka ba kamar kwale-kwalen Yauri ba ne mai shimfiɗaɗɗen gindi. A ƙarƙashinsa akwai wani faifai mai nauyi, na dalma ko na ƙarfe, da ake kira kil. Shi ke hana iska kifar da jirgin idan ta cika ƙyalle, shi ne kuma ke fara taɓa ƙasa. Taɓa yashi a hankali ba masifa ba ce, kusan duk wanda ya daɗe a Exuma ya taɓa. Abin tsoro shi ne dukan dutse ko murjani, wato wani abu mai tauri kamar dutse da ke girma a ƙasan teku, da gudu, domin nan ne kil ke girgiza daga mazauninsa, ko faifan juya jirgi ya lanƙwashe. Jirgi mai tagwayen jiki, wato katamaran, wanda ke cin mita ɗaya da 'yan kai, ya fi sakewa a wannan ruwa, babu musu. Amma mai mita 1.8 ba a rufe masa ƙofa ba, wasu lunguna ne kawai zai haƙura da su.

Lissafin kawowa da janyewa

Lambar da ka gani a taswira zurfi ne na lokacin da ruwa ya janye. Teku a Bahamas yana kawowa sau biyu yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da ƙarshen janyewa awa shida da 'yan mintuna, kuma bambancin ya kusa mita ɗaya. Saboda haka inda aka rubuta 1.5, idan ruwa ya cika yana iya kai 2.4, jirginku ya wuce da rarar santimita 60 a ƙarƙashinsa. Awa shida bayan nan, wurin nan dai ba ya biyuwa.

Ruwan ba ya hawa daidai wa daida. Ka raba hawan gida 12: awa ta farko gida 1 yake hawa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato rabin hawan duka a awa biyun tsakiya yake faruwa, kuma a lokacin ne ruwa ya fi gudu a mashigai, wato ƙofofin da ke tsakanin tsibirai. Haka janyewa take.

A nan kana da abin da yawancin matuƙa sai sun buɗe littafi suke sani: kwanan wata. Ruwa ya fi cika, ya fi kuma janyewa, a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha shida. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, bambancin yana raguwa sosai. Akwai kuma wani abu da na daɗe kafin in lura da shi. A Nassau, babban birnin Bahamas, ranakun da wata ya cika ko ya tsaya, ruwa yana cika ne wajen ƙarfe bakwai zuwa takwas na safe da na dare, ya kai ƙarshen janyewa wajen biyu na rana. Ma'ana, lokacin da haske ya fi kyau don ganin ƙasa, a lokacin ne ruwa ke tafiya, kuma janyewa ce mafi muni a wata. A ranakun rabin wata kuwa, cikar tana faɗowa da azahar, haske da ruwa su haɗu, sai dai cikar ba ta da yawa. Wannan ne ya sa nake duba kwanan wata kafin in ce gobe za mu bi ta wuri kaza. Jadawalin Nassau ake bi, amma a kan tudu, nesa da mashigai, ruwa kan makara da awa ɗaya ko fiye, kuma iska mai ƙarfi ta kwana biyu tana iya tura shi ko ta riƙe shi.

Ƙa'idar da ba na karyawa ita ce: wurin da nake shakka, ina shigarsa ruwa yana kawowa, kamar awa biyu kafin cika. In na taɓa, minti ashirin ruwa ya ɗaga ni. Wanda ya kafe a daidai cikar daren sha biyar kuwa, yana iya jiran kwanaki kafin ruwa ya sake kai wannan matsayi.

Karatun launi

GPS yana gaya maka inda kake, kuma ba ya ƙarya. Matsalar tana wurin taswirar da aka ɗora shi a kai. Tudun yashi yana tafiya, musamman kusa da mashigai da bayan guguwa. Bakin shiga Bimini kansa yashinsa ba ya zama wuri ɗaya. Curin murjani kuma ba a zana kowanne ba, sai dai a rubuta cewa yankin yana da su. Na'urar auna zurfi ita ma abin da ke ƙarƙashinka take faɗa, ba abin da ke gabanka ba. Murjani yana tsaye ne kamar suri a fili: nan mita 4, taku biyu gaba ya taso har kusa da saman ruwa. Kafin lamba ta canja a allo, kil ya riga ya gaisa da shi.

Abin da ya cece mu shi ne ruwan garau yake. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Yana yin haske zurfi yana raguwa: shuɗi mai haske kamar sararin sama da hantsi, kana da mita 4 zuwa 6. Idan ya koma kore-kore mai haske, ka shigo mita 2 zuwa 3, a rage gudu. Idan ya yi fari fat kamar babu ruwa a kan yashin, wannan na ƙaramin kwale-kwale ne. Tabo baƙi mai kaifin baki, zagayayye, curin murjani ne, a kauce masa. Ruwan ƙasa da ya ja zuwa ruwan ɗorawa dutse ne ko murjani dab da sama, kada ma a kusance shi. Duhu mai faɗi, kore-kore, marar kaifin baki, yawanci ciyawar ruwa ce, kuma sau da yawa akwai zurfi a kanta. Abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne inuwar gajimare, domin kamanninta ɗaya da murjani. Ka zuba mata ido daƙiƙa goma: inuwa tana tafiya, dutse yana nan.

Duk wannan karatu sai da haske. Rana ta ɗaga, kuma ta kasance a bayanka ko a kanka, daga wajen goma na safe zuwa uku na yamma. Idan tana gabanka, ruwa ya zama madubi, ba ka ganin komai sai ƙyalli. Ka sayi tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, irin na masunta, guda biyu, domin ɗaya zai faɗa teku. Ka tsaya a goshin jirgi, in da hali ka hau wuri mai ɗan tudu, saboda ƙarin mita ɗaya a sama yana ƙara nisan gani ƙwarai. Ku kuma daidaita alamun hannu tun kafin ku tashi, don iska ba ta barin murya ta kai wurin mai sitiyari. Ni nakan nuna inda nake so a bi, ba inda haɗari yake ba, kuma ba ma sauya wannan har tafiya ta ƙare.

Wurin da za ku fara gwada wannan shi ne Yellow Bank, tsakanin Nassau da Allen's Cay, tafiyar mil 30 da ɗoriya ta ruwa. Murjani ya watsu a can kamar an shuka. Hanyar kudu maso gabas take, saboda haka wanda ya yi sammako rana za ta tsaya masa a ido. Ku tashi yadda za ku iso yankin bayan sha ɗaya. In gari ya yi gajimare ko iska ta dama ruwa, ku kwana, ko ku bi hanyar da ta zagaye shi.

Ranar da na kafe

Wata rana, takwas ga wata, na shigo daga Exuma Sound ta ɗaya daga mashigan da ke kudu da Staniel Cay, wani tsibiri a tsakiyar jerin Exuma. Mun makara da tashi da safe, kuma mai jirgin yana so mu kwana a wani lungu da ya gani a hoto. Wajen huɗu da rabi muka juya yamma, rana tana cikin idona sosai. Na san ba na ganin ƙasa, amma layin da na bi a bara yana nan a allo, sai na bi shi. Ruwa ya yi awa biyu da fara janyewa. Ban ji ƙara ba, sai dai jirgin ya yi laushi a ƙafata, kamar mota ta shiga rairayi, goshinsa ya ɗan duƙa, ya tsaya cik. Tudun yashin ya matso daga inda na san shi.

Mun ba injin baya, bai motsa ba. Na kashe shi da wuri don kada ya zuƙi yashi ta bututun ruwan sanyaya shi. Muka sa anga a kwale-kwalen roba, muka kai ta can cikin zurfi muka jefa, muka ja da na'urar naɗe igiya. Muka gwada karkata jirgin da igiyar da ke saukowa daga kan turken ƙyalle, don kil ya ɗaga. Da ruwa yana kawowa, ɗaya daga cikin waɗannan da ta fid da mu. Amma yana tafiya ne, kowane minti goma muna ƙara zama. Zuwa isha'i jirgin ya kwanta a gefe, tukwane suna zamewa daga kanta, muka rufe tagogi da bututan gefen da ke ƙasa, muka zauna a gefen sama muna jin ruwa yana tsiyaya ta kan yashi. Sai wajen ɗaya na dare ya miƙe, igiyar anga ta ja shi a hankali zuwa zurfi. Allah ya taimake mu yashi ne, kuma babu iska. Da a bakin mashiga ne, raƙuman ruwa suna ɗaga jirgin suna buga shi da ƙasa, da labarin ya sha bamban. Kuskure uku na haɗa a lokaci ɗaya: rana a gaba, ruwa yana janyewa, ga dogaro da layin bara. Tushensu duka ɗaya ne, ina so in isa wani wuri kafin dare.

Mashigai da iskar sanyi

A ganina, abin da ya fi yashi haɗari a Exuma shi ne mashigai, wato 'yan ƙofofin da ke tsakanin tsibirai, irin su Dotham Cut da Galliot Cut. Duk ruwan da ke hawa tudu ko sauka daga kansa ta nan yake bi, da gudu kamar kogi a watan Agusta. Idan ruwa yana janyewa, gabas yake fita. Iskar da ta fi yawa a wurin kuma daga gabas take busowa. In suka yi karo da ƙarfi, raƙuman ruwa sukan miƙe tsaye a bakin ƙofar, gajeru masu tsini, har mutanen tsibiran suna kiran abin da kalmar da ke nufin hasala. Jirgi mai ƙaramin inji yana iya rasa iko a ciki, ga duwatsu dama da hagu. Maganinsa a bi lokacin da ruwa ya tsaya tsakanin kawowa da janyewa, ko lokacin da ruwa da iska suka fuskanci waje ɗaya. Nakan matso in tsaya in kalli bakin tukuna. In na ga farin kumfa ya tare shi daga gefe zuwa gefe, in koma in sa anga.

Wannan karo na iska da ruwa shi ne dai zai tare ku tun ranar farko. Tsakanin Miami da Bimini kusan mil 50 ne, kuma Gulf Stream, wani babban ruwa mai gudu kamar kogi a cikin teku, yana ratsa tsakani yana gudu arewa. A tafiyar awa goma yana iya kwashe ku mil 20 daga inda kuka nufa, don haka ake karkata kai kudu tun daga farko. Kada ku tsallaka muddin akwai arewa a cikin iskar, ko da mako guda za ku yi kuna jira.

Fabrairu ba lokacin guguwa ba ne, nata daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Amma lokacin iskar sanyi ne da ke saukowa daga Amurka, wani lokaci kusan kowane mako. Tana da alama: iska ta bar gabas ta koma kudu, sannan yamma, sai ta buga da ƙarfi daga arewa maso yamma, ta zagayo arewa maso gabas. Yawancin wuraren kwana a Exuma suna yammacin tsibirai ne, inda suke a kare daga iskar gabas. Da ta juya yamma, mafakar jiya ta zama tarko, tsibirin da ya kare ku shi ne yanzu a bayanku. Kwana biyu kafin ta iso ake neman wuri mai kariya ta kowane gefe, kamar Warderick Wells, hedikwatar gandun Exuma Cays Land and Sea Park da aka kafa a 1958. A can akwai igiyoyin ɗaure jirgi da aka kafa a ƙasa, ana kama wuri ta rediyo. Ka kuma sani tun 1986 an hana ɗaukar komai a cikin gandun, ko kifi ko ƙwanso.

Anga tana son yashi mai kauri, fari. Kada a jefa ta kan murjani, ɓarna ce ga abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana girma, kuma sarƙa tana sarƙewa. A lissafa tsawon sarƙa da zurfin cika, ba na lokacin da aka iso ba: mita 3 na ruwa, a ƙara 1 na kawowa, a ƙara tsayin goshin jirgi daga ruwa, ya kama mita 5, a saki ninki biyar zuwa bakwai, wato mita 25 zuwa 35. Kusa da mashigai ruwa yakan share yashi ya bar ɗan siriri a kan dutse, anga ta yi kamar ta kama alhali kwance kawai take. Shi ya sa kullum nake sa gilashin ninƙaya in je in gan ta da idona. A wuri mai ƙunci inda ruwa ke juyawa sau huɗu a kwana, ana sa anga biyu, ɗaya ta inda ruwa ke fitowa ɗaya ta inda yake nufa, jirgi ya riƙa juyawa a tsakaninsu. Saboda wannan juyi, ka riƙa duba kamfas kafin kowace salla, alƙibla daga can arewa maso gabas take.

Iyakar abin da zan iya ce maka

Ban ga jirgin abokinka ba, ban kuma ga yadda yake tuƙi ba, saboda haka ba zan ce maka ka amince da shi ko kada ka amince ba. Amma ka yi masa tambaya uku. Lambar da na'urar zurfinsa ke nunawa, daga saman ruwa take ƙirgawa ko daga ƙarƙashin kil? Yana da anga ta biyu da doguwar igiya? Idan iska ta hana ku tsallakawa kwana biyar, zai rage tafiyar ko zai matsa? Amsar ta ukun ta fi sauran nauyi. Mako uku daga Florida ba ya isa a je George Town a dawo cikin natsuwa. Ku sa Staniel Cay ta zama iyaka, in kun samu fiye da haka, ƙari ne.

Kuma duk abin da na faɗa na ruwa mai haske ne mai ƙaramin bambancin cika. A tsibiran Bijagos na Guinea-Bissau, inda ruwa yake a dame kuma kawowarsa ke kai mitoci da yawa, karatun launi ba ya aiki haka, ban kuma yi tuƙi a can ba. Launukan ma da na lissafa, rubutu ba ya koyar da su. Sai dai kai ba daga farko za ka fara ba. Matuƙan Yauri da ke gane tudun yashi daga yadda fuskar ruwa ke tattarewa a kansa, wannan idon yana aiki a bakin mashigan Exuma.

Ranar farko da kuka sa anga a ruwa mai haske, ka sami igiya mai tsawon mita 6, ka ɗaura mata dalma ko wani ƙarfe, ka yi ƙulli a kowane rabin mita. Ka fara sakinta a gefen jirgi ku gwada da lambar na'ura, ku san ainihin lambar da kil zai taɓa ƙasa a kanta, ku rubuta ta kusa da sitiyari. Sannan ka shiga kwale-kwalen roba da hantsi. Duk inda launi ya canja, ka fara faɗin zurfin da bakinka, sannan ka saki igiyar ka gani.